Aska takwas a cikin karofi

Ranar Asabar muka sauke kayan baje kolinmu na shekarar ƙarshe a makaranta, amma har yanzu akwai sauran shuɗi a ƙarƙashin farcena.

Aikina ƙyallaye shida ne, kowanne yadi uku. Na ɗauko aska takwas, zanen nan da ake yi wa babbar riga a ƙirji, na ce bari in fitar da shi da rini maimakon zare. A ɗakin Gwaggona na fara ganinsa, a cikin birnin Zariya, inda mata da yawa ke surfani a gida, su ciyar da 'ya'ya da shi. Sai na zana askar a kan farin yadi, na bi layin da allura, na ja zaren na ɗaure tamau don kada ruwan baba, wato shunin rini, ya shiga wurin. Ƙyalle ɗaya yakan ci mini kwana tara.

Daga nan sai Kano, marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta. Dattijon da ya karɓe ni bai ko buɗe ƙyallen farko ba. Ya murza shi tsakanin yatsu biyu ya ce, "'Yata, wannan da roba a cikinsa, ba zai sha ba." Haka kuwa aka yi, ya fito fari-fari kamar an wanke shi da bula. Ranar na yi kuka a mota. Na koma na nemo auduga zalla, na sake daga farko.

Abin da ba na gajiya da kallo shi ne fitowar ƙyalle daga karofi, wato ramin rini. Ganyen baba ne da toka da kanwa aka jiƙa, aka bar su makonni har ruwan ya nuna. Ƙyallen yakan fito kore-kore, sai ya sha iska kake ganin yana juyewa shuɗi a gaban idonka. A sake tsomawa, a sake ɗagawa, har launin ya yi duhun da ake so. Babu agogo a wurin, ido da hanci ne ke gaya wa marini lokaci ya yi.

A aji mun karanta tarihin ɗaliban da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958, irin su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Demas Nwoko, waɗanda suka dage sai an haɗa fasahar gida da abin da Turawa ke koyarwa. Ina girmama su ƙwarai. Sai dai abu ɗaya ya daɗe yana damuna: mukan je wurin masu sana'a mu kwaso iliminsu, ranar baje koli kuma sunanmu kaɗai ke jikin bango. Shi ya sa a takardar da ke ƙarƙashin kowane ƙyalle na sa sunan Gwaggo da na marinin kusa da nawa, da izininsu. Wata ƙawata ta ce hakan zai rage mini maki. Ban cire ba.

Rana ta biyu wani tsoho maɗinki ya shigo, jikansa na riƙe da hannunsa. Ya daɗe a gaban ƙyalle na huɗu, yana ƙirga askar da yatsa ba tare da ya taɓa ba. Na matsa na gaishe shi.

"Ke kika yi?"

"Ni ce, Baba."

"Sun cika takwas, madalla. Amma askarki ba ta da tsini. Kin ja zaren da yawa a baki, shi ya sa ya dunƙule."

Ya kwatanta mini rumfarsa. Alhamis zan je, da allurata da sabon yadi.