Yinin da na yi a tsohuwar unguwar Kiyoto

Tun da na dawo Katsina daga Japan, tambayar da aka fi yi mini ita ce ta jirgin ƙasansu mai tsananin gudu, alhali abin da ya zauna mini a rai shi ne yinin da na yi a Higashiyama, tsohuwar unguwa a Kiyoto, birnin da ya riƙe fadar sarkin ƙasar fiye da shekara dubu tun daga 794.

Da sassafe na bi matattakalar dutse ta Sannenzaka, tsakanin gidajen katako masu ƙunci ta gaba da zurfi ta ciki, har na isa wurin bautar Kiyomizu. Aikin kafintoci ne ya kai ni, domin barandar ginin, wanda aka sake ginawa a 1633, tana tsaye a kan ginshiƙai masu tsawon kusan mita 13, kuma an sarƙe katakan da juna ba tare da ƙusa ba. A hanyar saukowa wata dattijuwa ta haɗa mini koren shayinsu. Ta fara ba ni ɗan abin zaƙi saboda ɗacin shayin, ta kaɗa garin da ƙaramin maburgi na gora har ya yi kumfa, sannan ta juya kwanon domin gefensa mai zane ya fuskance ni.

Kafin azahar unguwar ta cika maƙil da baƙi, da yawansu sanye da kimono na haya, wato tufar gargajiyar Japan. A Giyon, wani yanki na unguwar, na ga allunan da suka hana ɗaukar hoto a lungunan da ba na gwamnati ba, dokar da aka kafa a 2019 da tarar yen 10,000, saboda yadda baƙi ke bin matan geiko, masu sana'ar waƙa da rawar gargajiya, da kyamara. Ban ga laifin mazauna ba, domin gidajensu ne.

Da na nuna wa kawuna hotunan a zaurensa, kusa da hasumiyar Gobarau, na ce, "Kawu, katako ne fa, amma ga shi a tsaye." Ya ce ginin ƙasa ma haka yake daɗewa muddin ana yi masa yaɓe kafin damina. Daga nan ya lissafa mini gidajen layinsu da aka rushe aka mayar na bulo, ya ƙirga har bakwai.