Shekara biyu ina gadin mai son zama Uzi

Na je Wuhan karatun injiniya a shekarar 2016, ban san wani wasan kwamfuta ba sai ƙwallon da muke biyan kuɗi mu buga a shagon unguwarmu a Kano. A watan Oktoban 2017 aka kawo zagayen rukuni na gasar duniya ta wasan kwamfutar League of Legends cikin birnin, ajinmu ya koma kamar gari ranar hawan sallah. Duk inda ka juya maganar Uzi ake yi.

Sunansa na yanka Jian Zihao, haifaffen Yichang ne a lardin Hubei, lardin da Wuhan take babban birninsa, don haka 'yan ajinmu ɗan gida suke ɗaukarsa. An haife shi a 1997, ya shiga ƙungiyar Royal Club yana shekara 15. Sau biyu a jere ya kai wasan ƙarshe na duniya, a 2013 da 2014, kuma duka biyun 'yan Koriya ta Kudu suka hana shi kofin. Wani abokina Basine da muke zama benci ɗaya ya haddace tarihin nan kamar karatun allo. Shi ma matsayin Uzi yake bugawa, wato mai harbi, kuma burinsa ya zama ƙwararre. Abin da ya rasa shi ne mai tsaya masa, sai ya ja ni shagon intanet, wanda suke kira wangba.

Wasan na mutum biyar ne da biyar. Hanyoyi uku ne a filin, da daji a tsakaninsu, kowane ɓangare yana neman rusa gidan ɗaya. A hanyar ƙasa kaɗai ake tafiya mutum biyu, mai harbi da mai taimako, fuzhu a Sinance. Ni ne fuzhu. Ranar farko na yi ta kashe ƙananan sojojin da kwamfuta ke turowa a hanya ina ganin taimako nake yi, sai ya cire abin kunnensa ya ce: "Ɗan'uwa, wannan abincina ne." Ashe wanda ya yi bugun ƙarshe a kan soja shi ke samun zinare, da zinaren ake sayen makami, kuma an gina mai harbi ne don ya yi ƙarfi a ƙarshen wasa. Aikina in bar masa komai, in dasa abin da ke haska duhun daji, wanda Sinawa ke kira ido, in kuma sa jikina tsakaninsa da duk mai nufinsa. Sai da na yi watanni kafin zuciyata ta yarda cewa idan na mutu shi ya rayu, to na yi aikina.

Muka haɗa biyar, muna shiga ƙananan gasannin ɗalibai. A nan Sinancina ya buɗe, don a tsakiyar faɗa babu lokacin haɗa jimla. Kalma ɗaya ce: che, wato a ja da baya, ko dalong, wani babban dodo a cikin wasan da ake kokawa a kansa. Na lura ba ƙarancin iyawa ke kayar da mu ba, shirun da muke yi bayan kuskure ne. Wani zai yi ganganci a kashe shi, sauran su ɗaure fuska, minti biyar babu mai cewa uffan, kafin mu farga an rusa mana hasumiya biyu. Da muka sa dokar cewa ba a tuhumar kowa sai an gama an zauna kallon wasan daga farko, muka fara cin waɗanda suka fi mu saurin hannu.

Akwai kuma maganar sallah. Wasa ɗaya yakan ci rabin awa ko fiye, kuma idan ka tashi ka bar mutum huɗu a cikin masifa. Na koyi duba agogo kafin mu shiga. Da farko ni kaɗai nake dubawa, daga baya abokin nan shi ke tambayata ko lokaci ya yi.

Shekarar 2018 ita ce ta Uzi. Tare da ƙungiyarsa RNG, magajiyar Royal Club, ya ci gasar ƙasar Sin ta LPL sau biyu, ya ci gasar ƙasa da ƙasa ta MSI a Faris a watan Mayu, muna cikin azumi, sannan ya ɗauko wa ƙasarsa zinare a wasannin Asiya na Jakarta. Salon RNG suna kiransa huɗu su kare ɗaya, mu ma muka kwaikwaye shi ido rufe. Sai ga watan Oktoba a gasar duniya a Busan, G2 ta Turai ta fitar da su da ci 3 da 2, daga baya kuma Invictus Gaming ta zama ƙungiyar LPL ta farko da ta ɗauki kofin duniya. A daren da RNG ta faɗi shagon ya yi tsit. Ni abin da na gani shi ne ciwon da ke damun tamu ƙungiyar: idan duk ƙwanku yana kwando ɗaya, abokin hamayya ya san inda zai jefa dutse. Na faɗa wa abokina haka. Bai ji daɗi ba, amma daga ranar ya fara barin mai buga hanyar tsakiya ya ci wani abu.

Ya kai matsayi mai tsawo a jerin gwanaye, har ya nemi shiga sansanin horar da matasa na wata ƙungiya. Shekarunsa 21 a lokacin. Aka nuna masa cewa yara 'yan 16 da 17 ake nema. Mun zauna a shagon taliyar Musulmin Lanzhou, inda nake cin abinci kusan kullum, ya daɗe yana juya tsinken cin abinci bai kai baki ba. Ban taɓa tunanin za a kira ɗan shekara 21 tsoho ba sai ranar.

Ni ma jikina ya fara magana. Awa bakwai, wani lokacin takwas, a kan kujera, barci sai bayan asuba, wuyan hannuna na dama yana zafi, yatsu biyu suna mutuwa idan na riƙe biro. Na faɗi darasi ɗaya a wannan zangon. Da Umma ta gan ni a waya ta ce: "Kai kuwa lafiyarka ƙalau? Ka rame." Na ce karatu ne. Wannan ƙaryar ta fi ciwon hannun damuna, ita ce ta sa na rage wasan zuwa ƙarshen mako, na fara miƙe jiki tsakanin wasa da wasa.

Na dawo gida a 2019. Ranar 3 ga Yunin 2020 abokina ya turo mini saƙo cewa Uzi ya yi ritaya, yana shekara 23. Dalilin da ya bayar shi ne ciwon suga da ciwon hannu da kafaɗa, bayan shekaru na rashin barci da cin abinci ba a kan lokaci ba. Mutumin da muke kwana muna kallon yatsunsa, ba mu taɓa tambayar abin da yatsun ke sha ba. Ya sake dawowa wasa da ƙungiyar Bilibili Gaming a 2022, sannan EDG a 2023, amma kofin duniyar bai zo hannunsa ba.

Abokina yanzu yana aiki a wani kamfani. Mun gwada buga wasa tare sau ɗaya, ni a Kano shi a can, nisan ya sa kafin garkuwata ta isa gare shi an riga an kashe shi. Muka kashe wasan muka yi hira har cajina ya ƙare.