Godiya ga waɗanda suka tsaya mana har lissafin manoma ya dawo

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun daren da tsawa ta faɗa wa ofishin ƙungiyarmu ta manoman shinkafa da alkama a nan yankin Auyo, waya ba ta huta ba. Wasu jaje suke yi, wasu kuma tambayarsu ɗaya ce: lissafi ya ƙone ko bai ƙone ba? To, Alhamdu lillahi, bai ƙone ba. Sunan kowane manomi, takin da ya karɓa, iri, maganin feshi, buhunan da aka auna masa bara da abin da ya riga ya biya, duk sun dawo. Wanda ya fara murna a ɓoye cewa bashinsa ya bi ruwa, sai ya yi haƙuri. Wanda kuma ya kwana da fargabar za a ce bai biya ba alhali ya biya, ya kwantar da hankalinsa.

Ni ne mai kula da kwamfutocin ƙungiya, shi ya sa ake ta yi mini sannu da aiki a masallaci da kasuwa. Na gode, amma yabon ba nawa ba ne ni kaɗai, kuma akwai mutanen da ba za a taɓa jin labarinsu ba idan ban faɗa ba.

Tsawar ta biyo wayar da ta sauko daga eriyar intanet da ke kan rufi. Ta ƙone na'urar da ke haɗa kwamfutoci, ta taɓa babbar saba, wato kwamfutar da ke riƙe da lissafi, ta wuce ta illata sabar ajiyar kwafi da na'urar da ke rubuta kwafin bayanai a kan kaset. Faifan babbar sabar an haɗa su ne a tsarin RAID 5, wanda ke jure mutuwar faifai ɗaya. Biyu suka mutu a dare guda. Da asuba, da na buɗe ɗakin, ƙaurin ƙonannen roba ne ya tare ni, UPS, wato na'urar batir da ke riƙe wa kwamfutoci wuta idan an ɗauke, na ta ƙara ita kaɗai, babu abin da ya rage da za ta ba wa wuta.

Godiyata ta farko ga Baba maigadi ce. Iskar ta ɗaye kwano ɗaya, ruwa ya fara zuba daidai kan akwatin sabobin. Ba shi da mabuɗin ɗakin, amma ya san inda ake yanke wutar sola da ta janareta, ya yanke, ya hau da tsani cikin ruwan nan ya danne wurin da tamfol da bulo. Da na ce masa, "Baba, ai da ka faɗo," sai ya ce, "Yaro, ban san me ke cikin akwatunan nan ba, na dai ga yadda kake share su kullum, na san ba a so su jiƙe." Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana.

Sai ƙanenmu ɗan acaɓa. Shekaru ke nan kowace Juma'a bayan an sauko daga masallaci yake zuwa ya karɓi kaset ɗin da ya kwashi cikakken kwafin mako, ya sa a ɗan akwatinsa na roba, ya kai gidan shugaban ƙungiya a ƙauyen da ke gaba da mu, ya dawo da tsohon da ranar sake amfani da shi ta zagayo. Ana yi masa tsiya a tasha, wai ya zama masinjan kaset a zamanin da kowa ke tura abu ta waya. Bai taɓa fashi ba, ko lokacin ambaliyar 2022 da hanya ta yanke sai da kwalekwale. Wannan kaset na Juma'ar ƙarshe da ya kai, shi ne ya cece mu.

A nan zan ɗan tsaya, domin har cikin 'yan kwamiti akwai masu tambaya me ya sa muke wahala da kaset. Namu LTO-6 ne, samfurin da ya fito a 2012. Guda ɗaya, wanda bai fi tafin hannu ba, yana ɗaukar terabait 2.5 ba tare da an matse bayanan ba, kuma na'urar na iya karanta shi da gudun megabait 160 a daƙiƙa, wato cikakken kaset ba ya kai awa biyar. Idan da a intanet muka ajiye bayanai masu wannan yawa, ko da layin namu ya tsaya cak a kan megabit 10 dare da rana, sai an haura mako uku ana saukewa. Wanda ya san yadda sabis yake a nan idan hadari ya haɗu, ya san wannan lissafin ma alfarma na yi masa. Ga kuma wani abu: kaset da ke kwance cikin sef ba ya haɗe da wuta, ba ya haɗe da intanet. Tsawa ba ta da wayar da za ta biyo, ɓarayin da ke kulle wa kamfanoni bayanai su nemi kuɗin fansa su ma ba su da ƙofar shiga. Abin da kaset ba ya so shi ne zafi, laima da ƙura. Masu ƙera shi suna son ajiya mai tsawo ta kasance tsakanin digiri 16 zuwa 25, abin da Jigawa ba ta san shi ba a watan Afrilu. Shi ya sa sef ɗin yake can ƙuryar ɗakin ƙasa na Alhaji shugaban ƙungiya, wanda ya fi kowane ɗakin siminti da muke da shi sanyi.

Kaset na hannu, amma na'urar karanta shi ta mutu. Na sa cigiya a dandalin abokan sana'a na Kano, kafin azahar wani ɗan'uwa ya ce yana da sabuwa fil, LTO-8, in turo a ɗauka. Na gode masa har zuciya, sai dai ba za ta yi ba. A da, kowace na'urar LTO tana karanta kaset na samfuri biyu da suka gabace ta. Da LTO-8 ta zo a 2017 sai aka taƙaita, LTO-7 kawai take waiwaya. Namu na shida ko an tura mata shi, tofar da shi za ta yi. Duk mai shirin sayen sabuwar na'ura alhali yana da tulin tsofaffin kaset, ya duba wannan kafin ya fitar da kuɗi.

Wanda ya share mana hawaye wani dattijon injiniya ne da na yi koyon aiki a hannunsa. Yana da LTO-7 da ya ajiye, wadda ke karanta na biyar da na shida. Bai tsaya a ba da aro ba. Ya shiga titin Beirut da kansa ya nemo katin SAS, wanda ke haɗa na'urar da kwamfuta, da wayarsa, tunda namu ya soye, ya naɗe na'urar cikin bargo da leda, ya ɗora a cinya tun daga Kano, ta Ringim da Taura da Gujungu, ruwa na kwance a wasu wuraren. Direban da ya kawo shi ma ya ci godiya, don an ce duk ramin da ya gani sai ya rage gudu kamar mai ɗauke da mara lafiya.

Da suka iso, hankalina ya riga ya yi gaba, ina so a sa kaset nan take. Malam injiniya ya ce a'a. Kaset ya fito daga ɗaki mai sanyi, ya bi iska mai laima a kan babur, sai ya kwana a ɗakin da za a karanta shi ya saba da yanayin wurin, awa 24 kamar yadda ƙa'ida ta ce. Ya tura ɗan jan makullin da ke jikin kaset ɗin yadda ba za a iya rubuta komai a kansa ba ko bisa kuskure, ya fara sa kaset na musamman da ke goge cikin na'urar, sannan ya nemi tabarma. Alhaji shugaba ya matsa, ya ce, "Injiniya, mutane na ƙofar gidana." Malam ya ce, "Ranka ya daɗe, kaset ɗaya gare mu. Idan ya tsinke a ciki, ba mutane kaɗai za su zo ƙofar gidanka ba."

Washegari aka shiga aikin gaske. Manhajar da muke ajiya da ita Bacula ce a kan Linux, kuma kundin da ke faɗin wane fayil ke kan wane kaset ya tafi tare da sabar da ta ƙone. Sa'ar da aka yi, Bacula na zuba kwafin wannan kundi a kan kaset bayan an gama aikin mako, kuma tana da ƙaramin shiri mai suna bextract da ke iya zaro fayil kai tsaye ba tare da kundin ba. Amma kafin nan akwai ƙofa ɗaya: bayanan a kulle suke da mabuɗin sirri, domin kaset mai yawo a kan babur kowa na iya tsintarsa. Tun daga LTO-4 na'urar da kanta take kullewa da tsarin AES-256, kuma in babu mabuɗin, ko wanda ya ƙera ta ba zai buɗe maka ba.

A nan Hajiya akantar ƙungiya ta shigo. Ita ce tun farko ta dage a rubuta mabuɗin a takarda, a rufe a ambulan, a buga hatimi, ta ajiye ɗaya, shugaba ya ajiye ɗaya. Ta zo da nata cikin jakar hannu. Haruffa da lambobi 64 ne. Tana karantawa huɗu-huɗu, ina bugawa, Malam na bin allo da yatsa. Muka gama, na'ura ta ƙi. Ɗakin ya yi tsit, Alhaji ya cire hula ya mayar. Hajiya ta gyara tabarau, ta kai takardar bakin taga, ta ce, "Wannan da na ce takwas, B ce, tawada ce ta bazu." Aka aika aka ɗauko ambulan ɗin shugaba aka gwada, haka ne kuwa. Da aka sake bugawa, sai muka ji kaset ya fara juyawa, sunayen fayiloli suka fara gangarowa. Ban san lokacin da na yi kabbara ba.

Hajiya kuma ita ce ke takura mini duk bayan wata uku sai na dawo da wani tsohon lissafi daga kaset ta gwada da littafinta kafin ta sa hannu a kuɗin sababbin kaset. A ganina wannan takurar ta fi duk na'urorin da muka saya daraja, domin saƙon da manhaja ke turowa cewa ajiya ta kammala ba ya tabbatar da cewa abin zai karantu ranar buƙata. Saboda ita ne muka shiga wannan aiki da matakai rubutattu a hannu.

Ina godiya ga mai injin casar shinkafa da ke maƙwabtaka da mu, wanda ya jawo mana wuta daga janaretansa ya hana a kashe har karatun kaset ya ƙare, bai karɓi kuɗin mai ba. Ga mai gyaran sola da ya kafa sabon ƙarfen kama tsawa ya binne wayar ƙasa yadda ya kamata. Ga matan gidan Alhaji da suka yi ta aiko da tuwo da kunu. Ga iyalina da suka yi haƙuri da rashin ganina. Ga 'yan kwamiti da suka amince a sayi na'urar kaset ta biyu a ajiye a wani gini dabam, a kuma riƙa fitar da kwafi kullum maimakon mako-mako. Allah ya saka wa kowa da alheri, ya bar zumunci.

Saura abu ɗaya. Kwafin da muka dawo da shi ya tsaya ne a daren Alhamis, tsawa kuma ta faɗi daren Talata. Abin da aka shigar tsakanin nan, magatakardanmu na cibiyoyin Auyo, Kafin Hausa da Miga suna sake shigar da shi daga littattafan rasit, kuma sun kusa gamawa, Allah ya yi musu albarka. Duk wanda ya biya kuɗi ko ya karɓi taki a waɗannan kwanaki, ya zo ofis da rasit ɗinsa da katin ƙungiya a duba tare da shi. Wanda rasit ɗinsa ya jiƙe ko ya ɓata, ya zo da shugaban rukuninsu, akwai kwafin da ya rage a littafi.

Wassalam.