Ashe haƙori ma saiwa gare shi

Jiya ciwon turmi ya kai ni wurin likitan haƙori. Da ta ɗora hoton bakina a allo, sai na yi tsuru: ashe abin da muke gani a madubi bai ma kai rabi ba. Sauran saiwa ce da ta nutse cikin ƙashin muƙamuƙi, dasashi ya lulluɓe ta. Farin ɓawon nan na sama ya fi komai tauri a jikin mutum, amma tsakiya jijiya ce da jini. Kogo na isa can, barci ya ƙare. Turmina mai saiwa uku ne, ɗan banza! Babba haƙora 32 gare shi, na nono 20. Na ƙirga nawa da harshe, 31.