Kafin ka fara yaƙi da ƙiba, ga inda na yi tuntuɓe

Sau uku na ɗaura niyyar rage ƙiba, sau biyu ina komawa gidan jiya. Ranar da na hau sikeli a asibiti ya nuna kilo 118, ma'aikaciyar jinya kuma ta ce jinina ya hau, daren nan ban runtsa ba. Dama gwiwoyina sun fara ciwo idan zan taso daga sujada. Tsoro ne ya sa na fara, tsoron ne kuma ya sa na yi gaggawa. Ƙannena, gaggawar nan ce nake so in raba ku da ita.

Farkon abin da na yi shi ne horon kaina da yunwa. Ba kari, ba abincin rana, sai ruwan ɗumi da lemun tsami. Cikin mako biyu kilo 5 ya tafi, na yi ta murna. Ashe yawancinsa ruwa ne, domin jiki yana ajiye sukari a hanta da tsoka tare da ruwa, idan ajiyar ta ƙare ruwan ya bi ta. Abin da ya biyo baya shi ne jiri, da saurin fushi da iyalina, da cin tuwo malmala huɗu bayan Isha'i. Wata biyu ba su cika ba na koma yadda nake, har da ƙari. Shawarar likitoci ita ce rabin kilo zuwa kilo 1 a mako. A lokacin na raina wannan, ban lissafa cewa rabin kilo a mako ya kai kilo 26 a shekara ba.

Karo na biyu shayin rage tumbi na saya, irin wanda ake talla a waya. Gudawa kawai ya sa ni. Da yawa daga cikinsu filasko ne a ciki, kitse kuwa ba ya fita ta bayan gida. Kuɗina suka tafi, ƙarfina ya tafi.

A karo na uku ban taɓa abinci ba tukuna, abin sha na fara dubawa. A shago ina shan lemun roba uku a wuni, ban taɓa lissafa shi cikin abin da nake ci ba. Lemun kola mai santilita 50 yana ɗauke da sukari kimanin giram 53, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce wajen giram 50 a wuni, ƙaramin cokali 12 ke nan. Ga shayi mai kauri da safe, ga fura da sukari da yamma. Na maye gurbin lemun da ruwa, na koyi shan zoɓo ba zaƙi. Sai mai: babban cokali ɗaya ya kai kalori 120 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci yake ba jiki, rararsa ce take zama kitse), mu kuwa sai ya kwanta a kan miya muke cewa ta yi daɗi. Ban bar tuwo ba, kuma ban ce ku bari ba. Malmala ɗaya da miyar kuka ko kuɓewa mai yawa, kwaɗon zogale, wake, kifi, ƙwai. Abincin gidanmu ne, awon kawai ya canza.

Tafiya kuma da minti 10 na fara bayan sallar Asuba, ina haki. A hankali ta kai minti 30, kwana biyar a mako, wato minti 150 ɗin da masana lafiya suke nema.

Akwai abin da ba wanda ya faɗa mini: bakin mutane. A wajenmu ƙiba alamar hutu ce, don haka da na fara saɓulewa sai tambaya ta yi yawa. "Lafiya kuwa? Ka rame." Inna ta kira ni gefe ta ce, "Ɗan nan, ko wani abu na damunka ne kake ɓoye mini?" Na zauna na yi mata bayanin hawan jinin, ita ce ma daga baya take hana a zubo mini ƙari. Kuskurena a baya shi ne ɓoye niyyata, har uwargida ba ta sani ba, ga shi tukunyar a hannunta take. Ku faɗa wa wanda yake dafa muku.

Za a yi makonnin da sikeli zai tsaya cak. Za a yi biki ko Sallah ku ci fiye da ƙima. Dā, rana ɗaya irin wannan ce take sa in ce komai ya lalace in watsar. Yanzu washegari nake komawa kan awona. Idan kuma kuna shan maganin ciwon sukari ko na hawan jini, ko mace tana da juna biyu ko tana shayarwa, a fara ganin likita kafin a rage abinci. Rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kaɗai yana sauƙaƙa jini da sukari.

Ranar Juma'a da safe kawai nake hawa sikeli yanzu. Wannan makon ya nuna kilo 94, kuma na yi tarawihin bana a tsaye.