Abin da sararin Forbes ya koya mini

Fiffiken rataye (hang glider), wanda mutum ke shawagi da shi a sama, ba shi da inji, ba ya shan mai. Kana kwance rub da ciki a cikin jakar da aka rataya a ƙarƙashinsa, hannuwanka a kan sandar tuƙi, da nauyin jikinka kake karkata shi dama ko hagu. Fiffiken gasa mai kyau yakan ci kimanin mita 15 gaba a duk mita 1 da ya sauka, wato daga tsayin mita 1,000 da ƙyar za ka yi kilomita 15. Amma a gasa, hanyar da ake rubuta wa matuƙa a allo da safe takan kai kilomita 150, wani lokaci ta haura 200. Ragowar nisan daga iska mai ɗumi da ke tasowa daga ƙasa za ka samo shi, ka yi ta kewayawa a cikinta har ta ɗaga ka, sannan ka miƙe neman ta gaba.

Na koyi mafi yawan abin da na sani game da wannan sana'a a Forbes, wani gari a bakin kogin Lachlan a jihar New South Wales ta Ostireliya, inda aka yi gasar duniya a 2013. A watan Janairu ake gasa a can, tsakiyar zafinsu ke nan. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, babu dutsen da za ka ruga ka faɗo daga kansa. Ƙaramin jirgi ne ke jan ka da igiya zuwa kimanin mita 600, ka kunce, daga nan kuma kai da idonka.

Wanda ya saba da tsaunuka ya san inda iska ke tashi: gefen dutsen da rana ta buga. A fili kuwa sai ka koyi karatun ƙasa daga farko. Da ɗan gari akan ci gari, shi ya sa na riƙa zama kusa da matuƙan yankin lokacin bayanin safe. Su suka nuna mini cewa gonar alkama da aka girbe ta bushe ta fi koren fili saurin ɗaukar zafi, kuma iskar da ta taru a kanta takan ɓalle a inda wani abu ya tare ta, kamar jerin itatuwa ko bakin rafi. Guguwar da ke murɗa ƙura a gona alama ce ta iska mai ƙarfi, ana nufarta idan ana sama sosai, ana gudunta idan ana dab da ƙasa. Mikiyar ƙasar ma jagora ce: inda ka gan ta tana kewayawa ba ta kaɗa fiffike, akwai hawa. Sai dai a kiyaye, takan kai wa fiffike hari ta yaga kyallensa.

Babban darasin dai shi ne sanin iskar da za ka tsaya a cikinta da wadda za ka wuce. Na'urar auna hawa tana ƙara duk lokacin da ka fara tashi, kuma zuciya tana son jin wannan ƙarar, don tana nufin ba za ka faɗi ba. To amma a ranar da iska ke ɗaga mutum mita 4 a daƙiƙa, wanda ya tsaya kewayawa a mai mita 1 ya ninka lokacin hawansa sau huɗu. Na taɓa kallon wani gogaggen matuƙi ya ratsa iska mai hawa har sau biyu, ya ɗan rage gudu a cikinta, bai karkata ko kaɗan ba. Yana ta yin ƙasa har na fara jin tsoro a madadinsa. Can gaba, ƙarƙashin wani gajimare mai baƙin gindi, ya kwantar da fiffikensa, cikin 'yan mintuna ya wuce mu duka a tsayi, ga shi kuma ya riga mu nisa. Tun daga nesa ya zaɓi gajimaren nan.

Mutumin nan da yamma ta yi, inuwa ta rufe hanya, shi ne na ga ya tsaya cikin iska mai rauni yana lallaɓa ta, bai bar ta ba sai da ta ƙare. A ganina nan gwaninta take, a gane lokacin da rana ta sauya a sauya da ita. Tsarin maki ma haka ya tanada: maki 1,000 ne mafi yawa a rana, ana raba su tsakanin nisa, da sauri, da jagorantar hanya, da isa. Wanda ya sauka kafin ƙarshe ya rasa makin sauri gaba ɗaya, komai gudun da ya yi da rana.

Tafiya cikin ayari tana taimako, don fukafukai ashirin sun fi ɗaya saurin gano iska. Tana da ƙa'ida: wanda ya fara shiga shi ke da alkiblar kewayawa, kowa ya bi. Shiga cikin gajimare haramun ne, na'urar da ke rubuta hanyarka kuma za ta tona ka idan ka keta sararin jiragen sama.

Direban da ke bin ka a ƙasa rabin gasar ne. Idan ka sauka a gonar wani, ka guji amfanin da ba a girbe ba, ka bar ƙofar shinge yadda ka same ta, ka aika wa direban lambobin wurin da kake, ka nemi inuwa da ruwanka. Naɗe fiffike mai nauyin kilo 35 cikin zafin nan ba wasa ba ne.

A hawan ƙarshe, na'ura takan nuna cewa tsayinka ya isa kai ka layin gamawa. Lissafinta bai san iska mai nutsewa da ke gaba ba. Nakan ƙara mita 150 a kan abin da ta ce, fiye da haka idan iska na bugo ni ta gaba ko babu filin sauka kafin layin, sannan in ja sanda in miƙe.