Tikiti Huɗu a Jakar Fasfo

Shekara takwas ina zuwa Dubai sarin abaya da turare da ɗan abin da ya samu na gwal, amma ban san komai na garin ba bayan Dera, unguwar kasuwanni. Daga otal sai kasuwa, daga kasuwa sai wurin 'yan kago, daga nan sai filin jirgi. Yara ne suka rushe mani wannan tsari. Abba ya ga wani jan lilo mai gudu a kan dogo a cikin waya, ya bi ya ishe ni tun muna azumi. Na ce in ya shigo cikin ukun farko a ajinsu zan tafi da shi, a zatona na kashe bakinsa ke nan. Yaro ya zo na biyu. Ummi kuwa ba jarrabawa ta ci ba, da kuka ta ci tata kujerar, ubansu ya ce ba a raba su.

Mun bar gida a Ƙofar Ƙaura bayan sallar asuba, cikin Disamban 2019, hazo ya rufe gari har ba a ganin fitilar motar da ke gaba. Mu huɗu ne: ni, yaran, da Yaya Hajiya, yayar maigidana, wadda ita ta fara riƙe hannuna ta sa ni a harkar nan. Charanci, Kankiya, Gidan Mutum Ɗaya, Tsanyawa, Bichi, duk yaran barci suke. Sai a cunkoson Dawanau suka farka suna tambaya ko an iso. Daga Kano muka hau jirgin Habasha, muka yada zango a Adis Ababa, muka sauka Dubai cikin dare.

Kwana uku na farko na kasuwa ne, wannan ba a taɓa shi. Na ja su Naif da kasuwar gwal, suna bina da ledoji, Abba yana ƙirga kwanaki da yatsu. A dare na uku na ce ya duba mani kuɗin shiga wuraren wasan nan. Ya duba. Kowanne babba a cikinsu ya doshi dirhami 300 kan mutum ɗaya. A lokacin dirhami yana wajen naira 100, wato mu huɗu naira 120,000 ke nan a wuni ɗaya, ban da mota, ban da abinci. Na ajiye cokali. Wanda ya saba taya atamfa ba ya jin farashi ya ce to, sai ya ji a jikinsa cewa akwai inda ake samunsa ƙasa da haka.

Akwai ɗin kuwa, har ya zo ya same ni inda nake. Muna wani gidan abinci da 'yan Arewa ke taruwa cin tuwo, wani saurayi mai tsabta, da farar jallabiya da agogo, ya durƙusa ya gaishe mu.

"Hajiya, 'yan Katsina ne ko? Ai tun daga ƙofa na jiyo 'mi' ɗin nan."

Muka yi dariya. Ya ce shi ma kakarsa daga wajen Daura take. Ya san Gobarau, ya san Kusugu, ya tambayi sanyin gida. Da zance ya biyo ta kan yara da wasa, sai ya ce ai wannan aikinsa ne, yana da hanya. Lilon da Abba yake so a Abu Dabi yake, amma akwai wani babban wurin wasa a bayan garin Dubai, zai ba mu tikitinsa a dirhami 170 kowanne.

Yaya Hajiya ta zungure ni da gwiwa. "Banza ba ta kai zomo kasuwa," ta faɗa ƙasa-ƙasa.

Na ji, na yi kamar ban ji ba. Gaskiyar magana, Hausar ce ta ci ni. Da Ba'indiye ne ya zo mani da wannan tayi, da sai na juya takardar sau goma. Amma mutum ya kira ni "Hajiyata" da muryar gida a ƙasar da ba kowa ke amsa sallamata ba. Na ƙirga masa dirhami 680 a hannu. Bayan awa ɗaya ya dawo da takardu huɗu da aka buga, kowacce da hoton wurin da tambarin nan mai murabba'i da ake haskawa a ƙofa. Rasit kuwa ban tambaya ba, ni da ba na barin shagon turare sai an rubuta mani ko kwalba nawa ce.

Washegari a cikin tasi, Abba yana juya takardarsa, ya ce, "Umma, an rubuta wani abu a ƙasa, wai na mazauna ƙasar ne."

"Kai dai ka cika iyayi. Riƙe ta da kyau kar ta lanƙwashe."

Tafiya ce mai nisa, gine-gine suka ƙare, rairayi ya fara. Muka isa, muka shiga layi. Ana jiyo kiɗa da ihun yara daga ciki, Ummi har tsalle take. Yarinyar da ke ƙofa ta karɓi takardata da murmushi, ta haska, ta dubi allonta, sannan ta miƙo hannu ta nemi kati. Na ba ta fasfo. Ta girgiza kai, ta zana murabba'i da yatsu, katin shaidar zama take nufi, wanda hukumar ƙasar ke ba 'yan ƙasa da baƙin da ke zaune da izini. Ta ɗora farcenta daidai kan layin da Abba ya karanta mani. Tikitin ba jabu ba ne. Na gaske ne, amma rangwamen da ke kansa an ware shi ne don masu wannan kati, mu kuwa da bizar yawon buɗe ido muka shigo.

Aka nuna mana ofishin tikiti. Mutumin ciki ya saurare ni da haƙuri, Abba yana yi mana tafinta. Abin da ya ce gajere ne: ba daga hannunsu na saya ba, don haka ba su da kuɗina da za su mayar, in koma wurin wanda ya sayar mani. Na kira lambar saurayin. Ta yi ƙara har ta katse. Na sake, haka. A karo na uku an kashe wayar.

Na ce to a ba ni sababbi. Kuɗin da ke jakata bai kai ba, don na juye kusan komai a kaya. Na miƙa katin bankina na gida, na'ura ta ƙi shi, sau biyu. Muka koma bakin titi muna neman tasi. Ummi ba ta yi ihu ba, hawaye kawai ke sauka tana kallon ƙofar ta gilashin baya, kuma wannan ya fi mani ciwo a kan dirhami 680. Yaya Hajiya ba ta ce uffan ba har Dera. Da ta yi faɗa ma da ya fi sauƙi.

Da daddare na je wurin Alhajin da ke auna mana kaya, dattijo ɗan Kano da ya daɗe a can. Ya ji labari, ya yi salati, sannan ya ce, "Hajiya, ke da kike 'yar kasuwa? Ai ba ragin ne laifi ba. Wa ya ba shi izinin ragin?"

Shi ya warware mani abin, kuma da ya faɗa sai na ga ai sana'ata ce. Wuraren wasan nan suna da diloli, kamar yadda kamfanin sukari ko siminti yake da su. Dila yana ɗaukar tikiti da yawa a farashin sari, sai ya saki wani abu daga ribarsa don ya ja ciniki. Shi ya sa ragin gaskiya ba ya da yawa, ba ya wuce abin da riba za ta iya ɗauka. Wanda ya zabge maka kusan rabi, to ko dai ba kayansa ba ne, ko an yi amfani da shi, ko kuma akwai sharaɗin da ya ɓoye. Ya ce kamar ejan ɗin Umara ne: akwai mai lasisin hukumar alhazai da ofis da allo, akwai mai jaka a hammata. Duka biyun suna cewa za su kai ka Makka.

Ya ranta mani kuɗi a kan kayana, ya haɗa ni da yaronsa zuwa wani ofishin tafiye-tafiye a hawa na biyu na wani bene. Lasisin kasuwancinsu yana rataye a bango cikin gilashi. A nan na zauna na yi abin da ya kamata in yi tun jiya. Na tambaya ko tikitin na baƙi ne ko na mazauna. Na tambaya ko na rana tsayayya ce, ko duk ranar da muka je. Na tambaya ko da shi za mu wuce ƙofa kai tsaye, ko sai mun sake bin layi an musanya mana da wani. Na tambaya in yarinya ta kwana da zazzaɓi fa? A nan mutumin ya gyara zama, ya ce wannan farashin ba a mayar da kuɗinsa, kuma duk wata matsala wurinsu zan dawo, ba wurin masu wasan ba. Na ji daɗin wannan amsa fiye da duk sauran, don ita ce ba ta yi mani daɗi ba. Na sa Abba ya karanta takardar da ƙarfi tun daga sama har ƙasa, wannan karon ban katse shi ba. Ragin da muka samu bai kai dirhami 40 a kan kowanne ba. Aka ba ni rasit mai hatimi da lambar ofis.

Ranar Lahadi muka zaɓa. A wancan lokacin hutun mako a Daular Larabawa Juma'a da Asabar ne, sai a 2022 suka sauya, saboda haka Lahadi ranar aiki ce, layi ba ya tsawo. Fiye da awa ɗaya muka yi a mota kafin mu kai tsibirin Yas na Abu Dabi, inda lilon Abba yake. Tun daga nesa ake hango jan rufin Ferrari World, wanda aka buɗe a 2010. A ƙofa gabana ya faɗi da yarinya ta ɗaga na'ura. Ƙit, ƙit, ƙit, ƙit. Ko kallon fuskarmu ba ta yi ba.

Lilon Abba sunansa Formula Rossa. Yana kai gudun kilomita 240 a awa cikin ƙasa da daƙiƙa biyar, kuma a lokacin babu irinsa da ya fi shi gudu a duniya. Har tabarau ake ba masu hawa saboda iska da ƙura. Na tsaya inda ake kallo, na ga an harba su kamar kibiya, kafin in gama innalillahi sun ɓace. Ya sauko ƙafafunsa suna rawa, leɓɓansa sun bushe, yana cewa zai sake. Yaya Hajiya ta ce in ya sake ita za ta kira ubansa.

Ummi kuwa sandar awon tsawo ce ta tare ta. Ta miƙe, ta yi ɗage, ta ja wuya, ba ta kai ba. Babu dilan da ke sayar da wannan. Muka kai ta wurin ƙananan motoci, ta tuƙa wata ja tana ɗaga mana hannu kamar matar gwamna, ta huce. Muka yi azahar da la'asar a ɗakin salla na ciki. Abinci ne dai na ci ina lissafi, don abin da aka rage mani a tikiti ya koma a faranti biyu na shinkafa.

Daren ƙarshe muka je Global Village, babbar kasuwar baje koli da ake buɗewa da sanyi kawai. Kuɗin shiga dirhami 15 ne a shekarar. Na je taga da kaina na biya. Abin da bai taka kara ya karya ba, neman dillali a kansa wahala ce kawai. Ni yanzu haka nake raba abin: in mu da yawa ne, ranar ta tabbata, kuma ofishin yana da bangon da zan iya komawa in buga, zan karɓi ragin dila. In kuwa tafiyar tana rawa, ko akwai jariri ko tsohuwa a ayari, gara in biya masu wurin kai tsaye, ko ta shafinsu na intanet ko a taga, don in abu ya ɓaci bakin mutum ɗaya zan kama. Matsalarmu dai a lokacin ita ce katin banki. Sau da yawa na naira ba ya wucewa a waje, shi ke tura mu da tsabar kuɗi hannun duk wanda ya yi mana Hausa.

Na leƙa gidan tuwon nan sau biyu kafin mu taso. Mai wurin ya ce ya san fuskar, bai san suna ba.

Mun iso Katsina da la'asar sakaliya, mota ta cika da ƙamshin turare. Maigida ya tarbe mu a zaure, Abba ya fara zuba tun bai cire takalmi ba, Ummi tana nuna yadda ake murza sitiyari. Da aka natsa na kawo littafin lissafi kamar yadda na saba. Ya bi layi-layi da yatsa, ya tsaya a kan 680.

"Wanga fa, na mi ne?"

Yaya Hajiya ta riga ni. "Sadaka ta yi wa wani jikan Daurawa."

Daga baya, a 2022, aka rufe wa 'yan Najeriya bizar ƙasar, ba a buɗe ba sai 2024, ni kuma na karkata sari zuwa wasu wurare. Takardun nan huɗu suna nan a aljihun jakar fasfo, sun fara dusashewa. Kwanan baya wata maƙwabciyata da ke shirin kai 'ya'yanta ta shigo tambaya, na ciro mata ɗaya. Ta juya gaba, ta juya baya, ta ce ba ta ga aibinta ba. Na ƙwala wa Abba kira ya zo ya nuna mata layin.